Moɗa Guda, Rabin Cokali

Duk mai wayar salula tsakanin Tasawa da Hawandawaki ya san muryar Nasiba, ko da bai taɓa ganin fuskarta ba. Ita ba likita ba ce, ba ta kuma taɓa cewa ita ce ba. Aikinta a wani ƙaramin biro ne, wato ofis, bayan tashar Tasawa, inda wata ƙungiya ke karɓar takardun kiwon lafiya da Faransanci. Ita ke juya su zuwa Hausar da tsohuwa a bakin turmi za ta gane, ta ɗauki muryarta, a tura wa matan ƙauye ta Watsap. Daga nan saƙo ya zama na kowa. Masu sharjin waya su zuba shi a katin memori tare da wa'azi da waƙoƙin biki, ya yi ta tafiya a aljihun mutane har inda mota ba ta zuwa.

Da damina ta faɗi zawo ya kama yara, 'yan ledojin garin maganin da ake damawa a ba su suka yi wuya a ƙauyuka. Sai aka kawo mata takardar yadda uwa za ta haɗa ruwan gishiri da sukari da kanta. Ta zauna ta gyara maganar har ta yi daɗin faɗi kamar waƙar daɓe: moɗa guda ta ruwa, cokali shida na sukari, rabin cokali na gishiri. Sati uku ke nan da fitar saƙon, kuma ba ta taɓa yin wanda ya bazu kamarsa ba.

Ran Laraba da hantsi ta zauna gaban ordinatar biro, wato kwamfuta, domin wani taro da ake yi ta intanet, na masu rubutu da fassarar saƙonnin lafiya daga ƙasashe da dama. Ta yi wata guda tana jiransa. Porjen da take wa aiki, shirin ƙungiyar, ya kusa ƙarewa, tana fatan ta san wani a can, wani ya san ta. Ta ɗaura ɗankwalinta mai kyau, ko da yake rezon intanet ɗin bai isa a kunna hoto ba.

Mutane na ta rubuta sunayensu da garuruwansu a gefen allo. Ita ma ta rubuta nata. Ba a jima ba saƙo ya shigo mata ita kaɗai, da Hausa.

"Ke ce Nasiba ta moɗa guda? Ni Ƙadri ne, daga rediyon al'umma nan Mayahi. Saƙonki har wajenmu ya zo. Na sa shi a rediyo sau huɗu. Yara na rera shi a hanya."

Ta yi murmushi ta rubuta godiya, ta ɗauki lambarsa. A ranta ta ce yau an fita da sa'a.

Mai magana ta biyu wata likitar yara ce, Dakta Ramla, tana magana daga Wagadugu. Ta ce za ta yi bayani kan kalmomin awo. Ta nuna hoton cokula biyu, ƙaramin na shan shayi da babban na cin abinci. Ta ce takarda takan ce ƙaramin cokali, ta ce litar ruwa guda, amma mai fassara yakan ɗauki kalmar da ta fi daɗi a baki, uwa kuma ta ɗauki abin da ke cikin ɗakinta. Ta ce idan gishiri ya yi yawa a ruwan yaron da zawo ya riga ya tsotse, abin da aka ba shi don ya rayu shi zai iya kai shi ga farfaɗiya, har ga abin da ba a fata.

Nasiba ta daina rubutu. Ta tashi a hankali kamar wadda aka kira daga waje.

A ƙofar biro akwai randa, da moɗar roba a kan murfinta, irin wadda ke kowane gida. Ta cika ta, ta juye cikin kwalbar lita da ke kan tebur. Ruwan bai kai rabi ba. Ta buɗe akwatin da mai gadi ke ajiye kwanonsa, ta ciro cokali. Babba ne, na cin shinkafa. A ƙauye wane ne ke da cokalin shayi? Ta sake cika moɗar, ta zuba sukari shida, ta zuba rabin cokali na gishiri, ta dama kamar yadda ta koya wa dubban mata, ta kai baki.

Ba ta iya haɗiyewa ba. Ta tofar a ƙasa, harshenta na raɗaɗi.

Ta koma da gudu, ta tarar rezo ya tafi. Allon ya tsaya kan cokulan nan biyu. Ta ɗauki salularta ta fita tsakar gida, ta ɗaga ta sama, ta je gindin bishiyar dogon yaro, ta dawo. Da rezon ya dawo ta shiga taron, ta rubuta tambayarta da Faransanci. Saƙonnin godiya da na masu neman aiki suka bi ta kanta suka binne ta. Ta sake rubutawa. Mai jagorantar taro ya ce lokaci ya ƙure, tambaya ɗaya ta rage. Sai rezon ya sake ɗaukewa.

Ta kira Ƙadri, mutumin da awa guda da ta wuce ba ta san da shi a duniya ba.

"Malam Ƙadri, kana ciki har yanzu?"

"Ina ciki. Lahiya?"

"Ba lahiya ba. Don Allah ka ɗaga hannu. Ka ce wa Dakta Ramla akwai saƙon da ya ce moɗa, ya ce cokali, bai ce ƙarami ba. Ka ce mata sati uku yana yawo. Ka ba ta lambata."

Ta ji numfashinsa. Shi ma ya gane, shi da ya sa shi a rediyo sau huɗu.

"Ajiye wayar," ya ce.

Kafin azahar Dakta Ramla ta kira ta. Ba ta yi mata faɗa ba, ba ta kuma lallashe ta ba. Ta tambayi girman moɗar da girman cokalin, ta yi lissafi, sannan ta ce a janye saƙon yau, ba gobe ba. Ta ce a gaya wa mata su daina haɗawa da wannan awo, su ci gaba da shayar da nono, su nemi garin maganin a gidan likita, kuma duk ruwan da ya fi hawaye gishiri kada ya shiga bakin yaro. Ta lissafa mata alamomin da za a duba: ƙishirwar da ba ta yankewa, kuka mai tsini, jiki na zabura. Ta ce duk yaron da aka ga haka a kai shi likita nan take, kada a ce za a gyara a gida.

"Yara nawa kike jin sun sha?" in ji Nasiba.

"Ban sani ba, 'yar'uwa. Ke ma ba za ki sani ba. Ki fara da wanda za ki iya kaiwa gare shi."

Shugaban biro, Zubairu, ya dawo daga wani zama a mota, ya same ta tsaye a ƙofarsa. Ya saurara har ta gama. Mutum ne mai sanyin magana, bai taɓa ɗaga mata murya ba.

"Takardar da muka ba ki daidai take," ya ce.

"Daidai take. Ni na sauya."

"To ki yi sabon saƙo da awo mai kyau, mu tura. Ba sai kin ce na farko kuskure ne ba. In kika ce haka, gobe wa zai ƙara yarda da mu? Masu cewa maganin Nasara guba ne kin ba su sanda ke nan. Ki yi tunanin allurar rigakafi, ki yi tunanin shekara nawa muka yi kafin a buɗe mana ƙofa."

Ta san ba ƙarya yake yi ba, shi ya sa maganar ta fi yi mata ciwo.

"Shef, in ban ce a jefar da na farko ba, za su riƙe duka biyun. Na farkon suka hardace."

"In kika yi, da sunanki za ki yi, ba da sunan biro ba."

"Muryata ce dama."

Ta shiga ɗakin ɗaukar murya ta rufe ƙofa. Sau uku tana farawa kuka na karya mata murya. A na huɗu ta faɗe shi a miƙe, ba waƙa, ba ado. Ni ce Nasiba. Saƙon moɗa guda da na yi maku kuskure ne, nawa ne, ku goge shi. Kada ku ba yaro wannan ruwa. Ta tura wa dukan matan da ke jerin biro, ta tura wa Ƙadri. Ya amsa cewa zai katse shirin gaishe-gaishe ya sa shi, zai kuma tura wa abokan aikinsa na sauran rediyoyi.

Ta zauna tana kallon salula. Daga cikin mata tamanin da bakwai, sha ɗaya ne saƙon ya isa gare su. Sauran suna gona, wayoyinsu a kashe ko a rataye a shagon sharji. Kuma ta san ko sun buɗe, ba su ne duka ba. Magana zarar bunu ce. Wadda ta ji a bakin rijiya, da wadda mijinta ya sayo kati a kasuwa, ba sa cikin jerin kowa.

Ta fita tasha ta nemi Na Allah, wani dattijon ɗan kabu-kabu da ya san hanyoyin yashi kamar tafin hannunsa. Ta gaya masa gaskiyar abin da ke tafe da ita. Ya tsaya aka cika masa tanki da esans, ya ce ta riƙe da kyau.

A Maijirgi ta bi shagunan sharji ɗaya bayan ɗaya. Wani ya goge a gabanta ya zuba sabon. Wani ya ce ai kati ya fi ɗari da ya zuba wa, bai san masu su ba, 'yan cin kasuwa ne. Ta tsaya a bakin famfo inda mata ke layi, ta kunna sabon saƙon da ƙarfi. Suka saurara, suka dube ta, wata ta yi dariya ta fara rera mata na farkon, sauran suka amsa. Suna yi ne don su faranta mata. Ta ɗaga hannu biyu tana roƙonsu su yi shiru.

Wata tsohuwa mai tulu a kai ta matso.

"Ke ɗiyar nan, kwantar da hankalinki. Na dama shi wa jikana, na ɗanɗana, na zubar. Wa za ya ba jinjiri kanwa? Na ƙara ruwa har ya yi sanyi a baki."

Nasiba ta ji kamar ta durƙusa ta riƙe ƙafarta. Ta ce a ranta Allah ya sa kowace uwa ta ɗanɗana, Allah ya sa kowace ta raina maganata.

Suka bar kwalta suka shiga yashi. An yi ruwa jiya, hanyar ta yi laushi, gero ya kai gwiwa dama da hagu. Sau biyu tana sauka su tura babur. A kowane ƙauye abu ɗaya take yi: ta nemi mai gari, ta nemi ungozoma, ta tambayi gidan da ke da yaro mai zawo. Muryarta ta fara dushewa. Gida biyar ta shiga, uku ba su ma ji saƙon ba, biyu sun ji sun ƙara ruwa da kansu.

Bayan la'asar suka isa wani ƙaramin ƙauye kafin Hawandawaki. Ungozomar garin ta ce akwai ɗan Haruna, kwana uku ke nan yana zawo, amma uwar na kula da shi sosai, yarinya ce mai bin ƙa'ida.

Kalmar nan ta ƙa'ida ita ta sa Nasiba ta ce a kai ta gidan nan take.

Uwar yaron, sunanta Uwa, tana zaune a inuwar rumbu da ɗanta a cinya. Gefenta moɗa ce da cokali a ciki, an rufe da faifai mai tsabta. Da Nasiba ta yi sallama sai matar ta ɗago da sauri, fuskarta ta washe.

"Wannan murya na san ta. Ke ce? Marhaba. Kin gani, yadda kika ce haka nike yi, tun jiya da safe. Ban rage ba ban ƙara ba. Uwar mijina ta ce ya yi gishiri, na ce mata masu ilimi suka auna."

Yaron, Isufu, bai fi shekara ɗaya da rabi ba. Leɓunansa sun bushe sun tsage. Yana miƙa hannu wajen moɗar yana wani kuka siriri mai tsini, ƙafarsa ɗaya na zabura ita kaɗai.

"Shina son shi ma," in ji Uwa. "Ko yanzu na ba shi, sai ya ƙara nema."

Nasiba ta durƙusa ta janye moɗar ta kife ta a ƙasa.

"Uwa, ki saurare ni. Abin da na faɗa kuskure ne. Gishirin ya yi yawa. Ki sa masa nono yanzu, ki tashi mu tafi likita."

Matar ta dube ta, ta dubi ruwan da ƙasa ke shanyewa. Ba ta yi ihu ba. Ta ce, da murya ƙasa-ƙasa, "Ke kika ce."

"Ni na ce."

Aka aika gona aka kira Haruna. Ya zo da hauya a kafaɗa, ya ji bayani daga bakin ungozoma, bai ko kalli Nasiba ba. Babur ba zai ɗauki mutum huɗu a yashin nan ba. Na Allah ya ɗauki Uwa da yaron suka yi gaba zuwa gidan likitan Hawandawaki. Haruna ya ɗaura jaki a amalanke, ya hau. Nasiba ta tsaya ba ta san ko ta bi shi da ƙafa ba. Ya yi ɗan nisa, sannan ya ja linzami ya tsaya, bai waiwayo ba. Ta je ta hau baya. Har suka isa ba abin da ake ji sai ƙarar ƙafar amalanke da tsakin da yake yi wa jakin.

Majo, babban ma'aikacin gidan likitan, ya riga ya duba yaron. Nasiba ta gaya masa awon, ta kira Dakta Ramla ta miƙa masa wayar. Suka yi magana da Faransanci, yana gyaɗa kai. Ya ce wannan ba abin gaggawar ɗura ruwa ba ne, sai a hankali ake saukar da gishirin, da gwajin jini, kuma ba shi da kayan gwajin a nan. Ya yi abin da zai iya, ya kira motar asibiti daga Tasawa. Suna jira yaron ya sandare a hannun uwarsa, idanunsa suka juye. Nasiba ta jingina da bango, tana jin salatin Uwa, tana ƙirga numfashinta don kada ta faɗi ta ƙara musu aiki.

Kwana biyar Isufu ya yi a asibitin Tasawa. Kullum da safe Nasiba ta kai kunu da ruwan zafi ta ajiye a bakin ƙofar ɗakin, ta zauna kan benci a waje. Uwa na ɗaukar kwanon, ba ta yi mata magana. Daga nan Nasiba ta hau bayan Na Allah su kama hanyar wasu ƙauyukan. Biro kuwa Zubairu ya aiko mata cewa ta huta a gida tukuna har manya su zauna kan maganar. Ba ta tambayi yaushe ba.

Rana ta biyar aka sallame su. Yaron ya rame, amma yana riƙe da wuyan uwarsa yana kallon mutane. Likita ya ce a riƙa kawo shi ana dubawa, don ba a saurin yanke hukunci kan abin da farfaɗiya ta bari. Uwa ta wuce ta gaban bencin, ta ɗan tsaya.

"Na goge saƙon," ta ce. "Amma in na rufe ido ina jin shi."

Haruna ya karɓi yaron ya saɓa a kafaɗa. Ya dubi Nasiba karo na farko.

"Da kin zauna a biro da ba mu san komai ba, da mun ce kwanansa ne ya ƙare. Wannan na sani. Sauran kuma ki bar ni da shi tukuna."

Suka fita ƙofar asibiti suka nufi tasha.

Tana nan zaune salularta ta yi ƙara. Ƙadri ne. Ya ce sabon saƙon na tafiya, rediyo biyar na sa shi safe da yamma, Dakta Ramla kuma ta haɗa su da wasu masu fassara a ƙasashe uku da suka koma suna duba nasu awon. Sannan ya ƙara da cewa:

"Akwai wata magana. Wani ƙauye arewa da mu, an rufe wata yarinya ranar Asabar da ta wuce. Zawo ne. Wanda ya gaya mini bai san ko an ba ta ruwan ba. Zawo na kashe yara tun kafin a haife mu, Nasiba. Ba lalle ba ne."

"Mi sunan uwar?"

"Nana. Amma mi za ki je ki yi? In ba ta ba ta ba, kin tayar mata da ciwo a banza. In ta ba ta, kin ɗora mata abin da ba za ta iya saukewa ba."

"Tana da wasu yaran?"

"Biyu, an ce."

"To ko ban tambaye ta komai ba, sai na tabbata ta san kada ta ba su."

Ta je gida ta ɗauki mayafi da kwalbar lita da ƙaramin cokali. A tasha motar Mayahi saura mutum biyu ta cika. Ta shiga ta zauna a kujerar baya, tsakanin buhun albasa da wata mata mai goyo, ta gaishe ta, ta tambaye ta lafiyar yaron.